Ƙuri'ar Soja Daga Bakin Daga

A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, sojojin jihohi da dama suka kaɗa ƙuri'a a sansanoninsu, kuma mafi yawansu Abraham Lincoln suka zaɓa.

Yau sojan Amurka da ke Jamus ko Koriya ta Kudu ta gidan waya yake zaɓe. Wata doka ta 1986 ta tabbatar masa da wannan haƙƙi har da iyalinsa. Ta 2009 kuma ta tilasta wa jihohi su aika masa takardar ƙuri'a aƙalla kwana 45 kafin zaɓe, domin a da sau da yawa sai bayan wa'adi ya wuce ƙuri'arsa ke isowa, a yi watsi da ita.

A Najeriya kuwa, sojan da aka tura aikin tsaro nesa da mazaɓarsa sai dai kallo. Amma Ghana ta ware wa jami'an tsaronta ranar zaɓe ta musamman.