Kada Mu Bari Gidajen Makaranta Su Rushe

Shugaban reshe, iyayena malamai, 'yan uwa abokan aiki.

Raba ɗalibai gida-gida al'adar makarantun kwana ce. A Kwalejin Barewa ta Zariya, Nagwamatse da Ɗan Hausa sunayen gidajen kwanan ɗalibai ne, kowane gida da tutarsa ranar gasa. Mu nan yankin Bakolori, tun da aka sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, iyaye suka tsorata da makarantar kwana. Gidan da ba a kwana cikinsa kuwa, in ba a kula ba, sai ya koma rigar tsere ta yini guda.

Roƙona shi ne mu raya tsarin a makarantun jeka-ka-dawo. A raba yara ta hanyar ƙuri'a, domin ɗan manomi da ɗan makiyayi su sa riga ɗaya. A riƙa ba da maki duk tsawon zango, a kan shara da muhawara da zuwa da wuri, ba gudu kaɗai ba. Yaron da ya yi shekara shida yana yi wa wani kirari a fili, da wuya ya ɗauke shi abokin gaba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.