Gadon da Masu Gyara Suka Bar Mana: Jawabi a Taron Iyaye



Shugabannin wannan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa mazauna Abuja, barkanmu da haɗuwa.

Maganarmu ta yau a kan ilimin 'ya'yanmu ce, musamman mata. Amma bari mu ɗan waiwaya baya.

Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, kakanninmu gudun boko suka yi, don tsoron kada a raba yaro da addininsa. Tsoron nan fa ba mu kaɗai ba ne. Musulmin Indiya ma sun yi shi a ƙarƙashin Turawan Ingila, har sai da Sayyid Ahmad Khan ya tsaya ya kafa makaranta a Aligarh a 1875, inda ake haɗa addini da ilimin zamani. An zage shi, an kafirta shi, amma a 1920 makarantar ta zama jami'a.

Mu ma Allah bai bar mu haka ba. A 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Malam Sa'adu Zungur, malamin addini ne ɗan malamai, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934. Malam Aminu Kano kuwa har ya rasu a 1983 bai daina kiran a ilimantar da mata ba.

Kai, ba sai mun je nesa ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda Suleja ta ci sunansa, ɗan Kwalejin Katsina ne. Sai da ya riƙe alli yana koyarwa kafin ya hau gado a 1944.

To jama'a, mu fa? Ku duba Zuba, Dei-Dei, Karmo da Nyanya da hantsi. 'Ya'yan wa ke yawo da faranti a ka, sa'o'insu na aji? Namu ne. Garin nan kuwa garin takarda ne. Wanda ba shi da ita, gadi da dako ne rabonsa. Mun baro gida neman arziki, kada mu tara kuɗin talla mu rasa 'ya'ya.

Saboda haka muna roƙo: kowace unguwa ta rubuto sunayen yaran da ba sa zuwa makaranta, a kawo wa sakatare kafin taro na gaba. Marayu kuma asusun ƙungiya ya ɗauki littafinsu da yunifom. Da safe boko, da yamma Islamiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.