Kunnuwan Da Ke Sauraron Taurari: Jawabi Ga Taron Iyaye Da Ɗalibai

Masu girma sarakunan Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Fatakwal da Onica suka iske mu nan Inugu, sannunku da hanya.

Kwamitin ilimi ya ɗora mana nauyin cewa wani abu game da karatun 'ya'yanmu. Za mu fara da labarin wani maƙwabcinmu. Direbobinmu sun san Amawbia, dab da Awka, a kan hanyar Onica zuwa Inugu. To, ɗan garin ne Farfesa Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939, ya rasu a 2009. Aikinsa shi ne sauraron taurari.

Wani zai ce, taurari magana suke yi? Kakanninmu fatake da ido suka san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Amma ban da haske, abubuwan da ke sama suna aiko da igiyoyin rediyo, irin waɗanda akwatin rediyonmu ke kamawa, sai dai masu rauni ƙwarai. Wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, shi ya fara ba da labarinsu a 1933. Daga nan aka shiga ƙera manyan farantai, kamar na setalayit, don kama su.

A jami'ar Kambirij ta Ingila, Okoye da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan wuri mai ƙarfin igiya a cikin ɓurɓushin wani tauraro da ya fashe, wanda mutanen Sin suka ga fashewarsa tun 1054. Sun buga sakamakon a 1965. Daga baya aka tabbatar ragowar tauraron ne, yana juyi wajen sau 30 a daƙiƙa guda. Okoye ya koyar a jami'ar Nsukka, ya yaye ɗalibai. A 2001 aka kafa cibiyar binciken sararin samaniya a can, Farfesa Pius Okeke ya shugabance ta. Daga inda muke zaune ba a yin awa biyu a mota an isa.

Ga inda muke so a kasa kunne. Faranti ɗaya, kome girmansa, akwai inda ya tsaya. Ƙasar Sin ta gama nata mai faɗin mita 500 a 2016, amma ko shi ba ya rarrabe ƙananan abubuwa masu nisa. Dabarar da masana suka samo ita ce a juya farantai na ƙasashe daban-daban su fuskanci wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne ya naɗi abin da ya ji da agogon da ba ya kuskure, sannan kwamfuta ta haɗa. Sai su zama tamkar faranti guda mai faɗin nisan da ke tsakaninsu. Da haka na'urori 8 suka ba duniya hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya a 2019.

Afirka ma ta shiga. Afirka ta Kudu ta buɗe farantai 64 a hamadar Karoo a 2018, kuma a 2022 aka soma gina babban aikin SKA a can da Ostareliya, da kuɗin ƙasashe da dama. Gana ta gyara wani tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kuntunse, kusa da Akara, ta buɗe shi a 2017. Tana cikin ƙasashen Afirka 8 da aka ɗauka abokan wannan aiki. Nijeriyar da ta haifi Okoye ba ta cikin takwas ɗin. Wannan abin a yi tunani ne.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro na gama firamare sai mu ja shi kara ko rumfar albasa, yarinya kuwa ba a ma zancenta. Sana'a ba abin kunya ba ce, ita ta riƙe mu a ƙasar nan. Amma irin wannan aiki yana bukatar injiniyoyi da masu lissafi da masu gyaran lantarki, kuma ba a tambayar mutum ƙabilarsa. Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. Me zai hana jikanmu ya zauna a ɗakin bincike na Nsukka?

Shawararmu uku ce. Na ɗaya, asusun tallafin ɗalibai na garuruwan nan uku ya zama guda, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, kowace unguwa ta nemi malamin lissafi da kimiyya da zai riƙa yi wa yara darasin yamma bayan Islamiyya. Na uku, a rubuta wa cibiyar Nsukka takarda a nemi izinin kai ɗalibanmu ziyara, maza da mata. Masu motoci, mun bar muku ɗawainiyar hanya.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.