Farin Soso a Jikin Bango

Duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Haɗeja cikin watan Afrilu ya san bazara. Zafi kan haura digiri 40, siminti ya shanye shi, dare ya yi ya riƙa amayarwa. Ka dafa bango ƙarfe goma na dare ka ji shi kamar tanda. Ginin ƙasa ba ya haka, amma ambaliya irin ta 2022 ta sa mutanen Auyo da Kirikasamma na gudunsa.

To ku dubi kular mai sayar da ƙanƙara. Farin soson nan mai tauri da ke cikinta iska ce cunkushe a ƙananan ƙwayoyi, ita ke tare zafi. Irinsa ake yankawa falle-falle a manna a bango, a bi da raga, a yi filasta. Ɗaki ya daɗe da sanyinsa, fanka ta huta, mai na'urar sanyaya ɗaki ya rage kuɗin wuta da man janareto. Da hunturu kuma ɗakin ya riƙe ɗumi.

Sai dai soson yana kamawa da wuta, gara ma kan huda shi, don haka kada a bar shi tsirara. Ni da za a bi ta tawa, a fara da ƙarƙashin kwano, ta nan zafin ya fi shigowa. Ciyawar kachalar nan ma da ta toshe mana kogi, a Senegal busar da ita ake yi a sa a bango da rufi don tare zafi.