Aikin Ƙoda da Hawan Jini: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe

 

A zangon da ya wuce, sau biyu muka zagaya da takardar karo-karo domin ɗan'uwanmu da ke zuwa wankin ƙoda. Allah Ya ba shi lafiya. Mun bayar da abin da ya sauƙaƙa, amma da yawanmu da za a tambaye mu me ake wankewa, sai mu yi shiru, alhali kuwa mu ne muke zana ƙodar nan a allo kamar ƙwayar wake, mu ce wa yara su kwafa.

Ƙoda biyu ce, tana can baya, a ƙarƙashin haƙarƙari, kowace girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa ta cikinsu yake bi. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, ana kiran kowane nefuron. Jini yakan shiga wani curin siraran jijiyoyi da ƙarfi, sai ruwa da gishiri da sukari da dattin jiki su tsattsafo, ƙwayoyin jini da furotin kuwa su yi wa ramukan girma, su zarce.

Wanda ya ga tacewar ƙullun koko zai yi zaton aiki ya ƙare a nan. A'a, yanzu ya fara. Ruwan da ke tsattsafowa a yini ɗaya ya kai lita 180, wato jarka tara masu cin lita 20. Da duk wannan zai fita, ba mai kai azahar. Sai ruwan ya bi ta wani dogon siririn bututu, inda ƙoda ke tsince abin da jiki ke buƙata ta mayar cikin jini: sukarin duka, da mafi yawan gishirin da ruwan. Ragowar da ba ta wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba ita ce fitsari, wanda ke gangarawa mafitsara. Idan zafi ya yi tsanani, ko muna azumi, ƙwaƙwalwa takan aiko da saƙon a riƙe ruwa, shi ya sa fitsari yake raguwa, launinsa ya yi duhu.

Ga inda hawan jini ya shigo. Ƙoda ce ke ƙayyade yawan gishiri da ruwan da za su zauna a jiki. Idan ta ji jinin da ke iso mata ya yi rauni, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda ke jawo tsukewar jijiyoyi da riƙe gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin, ƙarfin jini ya ɗaga. Wannan rahama ce ga wanda ya zubar da jini ko gudawa ta kama shi. Amma idan jini ya zauna a sama shekara da shekaru, yana ragargaza matatan nan ɗaya bayan ɗaya, ƙodar da ta raunana kuma ta ƙara hawar da jinin. Ciwon sukari ma haka yake cin su. Abin tsoron shi ne babu zafi, babu zazzaɓi. Mutum yana iya rasa rabin aikin ƙodarsa yana tsaye a gaban aji, da alli a hannu.

Mu dubi kanmu. Muna ƙin shan ruwa tun safe don makarantarmu ba ta da makewayi mai kyau, musamman malamai mata. Muna komawa gida da ciwon baya, mu tsaya a kemis mu sayi diclofenac ko ibuprofen, wasu ma haɗi, kullum, ba tare da sanin cewa irin waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda ba. Miyarmu kuma ga gishiri ga dunƙule uku. Ba mu ce kowa ya ci lami ba, amma hannu ya yi nauyi.

Yaranmu ma suna hannunmu. Yaron da ya zo da kumburarriyar fuska da safe, ko ya ce fitsarinsa ya koma launin shayi, ko yake fitsarin jini bayan wanka a kududdufi, a kira iyayensa ranar nan, a ce su kai shi asibiti. Wanda kuma ya ɗaga hannu yana neman izinin fita, mu bar shi ya fita.

Roƙonmu ga shugabanni guda biyu ne. Reshe ya sayi na'urar awon jini, a riƙa zuwa da ita kowane taro, duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 fiye da sau ɗaya ya je ya ga likita, a gwada fitsarinsa da jininsa. Sannan batun makewayi da ruwan sha ya shiga cikin takardar buƙatunmu ta gaba zuwa ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a rubuce, da sunan kowace makaranta.