Kuɗinmu Sun Koma Cikin Waya, Wa Zai Tsare Mana Su?

Shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka tsallako daga Maraɗi da Ƙonni, da waɗanda suka taso daga Kano da Katsina, barkanmu da ganin wannan rana.

An umurci ofishin magatakarda ya yi magana a kan tsaron intanet. Da can sai mu ce wannan zancen 'yan boko ne. Amma tun farkon 2023, da aka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, har dattijon da ba ya sakin buhun wake sai ya ƙirga kuɗi da hannunsa ya koyi jiran alat. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 shi ma ya koya mana ciniki ta waya: a ga hoton kaya a WhatsApp, a daidaita, a tura kuɗi, ba a ga juna ba.

Ɓarawo ya biyo kuɗin. Kun san alat na bogi, saƙon da ke kama da na banki alhali ko sisi bai shiga asusu ba. Kun san mai bugo waya ya ce a karanto masa lambobi 6 da suka shigo. Da an karanta ya ƙwace WhatsApp ɗin mutum, ya bi abokan cinikinsa yana roƙon a tura kuɗi da sunansa. Akwai kuma mai sa a sake masa layin wani, ya riƙa karɓar lambobin sirrin banki. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne sabon salo: da ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sautinsa. Mu kuwa cinikinmu a kan murya yake. Yawancinmu ba ma rubuta saƙo, sauti muke turawa. In dillalinka na shekara 20 ya ce tura, turawa kake yi.

Ba wai an zauna ba a yi komai ba. Najeriya ta yi dokar laifukan intanet a 2015, ta gyara ta a 2024. Nijar ta yi tata a 2019. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014, sai dai ba ta fara aiki ba sai 2023, don sai da aka jira ƙasashe 15 suka tabbatar da ita, Nijar na cikinsu. Shekara 9 ke nan, shi kuwa ɗan damfara kwana ɗaya ya ishe shi ya canza dabara. Bankuna sun kawo BVN, hukuma ta sa a haɗa layin waya da NIN. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe guda na tsaron intanet. Kowa ya yarda gwamnati da kamfanoni da jami'o'i sai sun haɗa hannu, domin doka tana wurin ɗaya, na'urori da bayanan kuɗi suna wurin na biyu, bincike yana wurin na uku.

Inda gizo ke saƙa shi ne, duk wannan haɗin kan yana tsayawa a bakin iyaka, mu kuma a nan aikinmu yake farawa. A ce mutumin Maraɗi ya sayi masara a Dawanau. Ya ba ɗan canji sefa, ɗan canji ya tura naira wani asusu, ashe asusun na ɓarawo ne. Ina zai kai kuka? Ba shi da BVN, ba shi da asusu a bankin da kuɗin suka shiga, takardar ƙorafi da Turanci take, shi Hausa yake ji da ɗan Faransanci. In ya koma gida aka ce laifin ba a ƙasar aka yi shi ba. Kafin ya gama zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya an rarraba kuɗin cikin asusu da yawa, an cire a wurin masu POS. A irin wannan sata sa'o'in farko su ne komai. Ga shi tun Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, wato teburin da ake zama tare ya ragu, amma kasuwar Illela ba ta daina ci ba.

Saboda haka roƙonmu ga hukumomin ƙasashen biyu ƙarami ne: a manyan mashigai a ajiye jami'in da zai karɓi ƙorafin damfarar waya daga kowane ɗan kasuwa, ko wace takardar ƙasa yake riƙe da ita, ya miƙa shi ɗaya ɓangaren a ranar. Bankuna da kamfanonin waya da na tura kuɗi su ba mu lambar da mutum zai ɗauka, ya ji Hausa, ya kuma iya dakatar da asusu nan take. Suna cin kamasho a kan kowace turawa tamu, wannan ba alfarma ba ce.

Jami'o'i kuwa a nan muka fi sa rai, don malami ba ya jiran sulhun 'yan siyasa kafin ya yi magana da ɗan'uwansa. Tsakanin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ta Katsina ba tafiyar yini ba ce. A Jami'ar Bayero akwai masu aikin koya wa kwamfuta fahimtar Hausa. Su zo su ga yadda ake yaudararmu, da irin kalmomin da ake yi, su ƙera abin da zai gane saƙon damfara da muryar jabu a harshenmu. Su turo ɗalibansu ranar kasuwa su zauna a rumfa.

Mu ma ba hannu rabbana za mu je ba. Abin da su ukun ba su da shi muna da shi, wato labarin yadda satar ke faruwa. Matsalar ita ce kunya. Alhaji zai yi asarar kuɗin mota guda ya yi shiru, kada a ce an ci shi da wayo, gobe a yi wa maƙwabcinsa irinta. Ofis zai buɗe littafi na musamman: rana, hanyar da aka bi, lambar da ta kira, adadin kuɗi. Ba za a rubuta sunan kowa ba. Wanda abin ya same shi ya zo, ko ya aiko yaronsa. In littafin ya yi kauri, shi shugabanni za su ɗauka su je ƙofar jami'a da ta banki.

Kafin nan, kowa ya sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta biyu, matasanmu suna bakin ƙofa za su taimaka bayan an tashi. Kada a ɗora kaya a mota sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido. In saƙon murya ya zo da sabuwar lambar asusu, a buga wa mai shi a tsohuwar lambarsa tukuna.