Dutsen Kamaru da Sauran Duwatsu Masu Aman Wuta

Bahaɗeje ya san ambaliya, ya san fari, amma ƙasarsa ba ta taɓa nuna masa dutse mai aman wuta ba. Fadamar Haɗeja shimfiɗaɗɗen rairayi ce da laka waɗanda ruwa ya tara cikin kwarin Chadi. Shi kuwa wannan suna, "aman wuta", duk da daɗinsa a kunne, yana da ɗan gyara, domin abin da dutsen ke amayarwa narkakken dutse ne daga cikin ƙasa, tare da toka da iska mai guba.

Mafi shahara a wannan sashe na Afirka shi ne Dutsen Kamaru, mai tsawon mita 4,040, wanda ke bakin teku bisa garin Buea. Ya yi amai a 1909, har Jamusawa suka kwashe ofisoshin mulkinsu daga Buea zuwa Duwala na ɗan lokaci. A 1922 narkakken dutsen ya gangara har cikin teku. Ya sake a 1954, da 1959, da 1982, sa'an nan a 1999 ya datse hanyar motar da ta tashi daga Limbe ta bi gaɓar teku, ya kuma ƙara a 2000.

To, dutsen nan ba shi kaɗai ba ne. Jerin 'yan'uwansa ya miƙe daga tsibiran teku har tsaunin Biyu a Jihar Borno, kimanin kilomita 300 daga Haɗeja, inda Tafkin Tila ke zaune cikin bakin wani da ya daɗe da yin shiru. Shirun irin waɗannan ba abin amincewa ba ne. Ranar 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos a Kamaru ya saki iskar da ta taru a ƙarƙashinsa, ta bi kwaruruka cikin dare, ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani ne. Tun 2001 aka fara kafa bututu don zuƙe iskar a hankali.

Akwai wani haɗarin da Bahaɗeje zai fi kowa ganewa, shi da nomansa da sunsa suka rataya ga ruwan da ake saki daga madatsar Tiga da ta Challawa. A da, gaɓar da ta tare Tafkin Nyos ba ta da ƙwari. In ta ɓalle, ruwan zai bi Kogin Katsina-Ala ya faɗo Nijeriya. Wannan tsoro na cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.